Dillalin Motoci da Kalmomin Yabo

Mutumin da ake kira Dillali ya tsufa da sunan, har wasu daga cikin jikokinsa sun ɗauka da shi aka raɗa masa. Tun yana saurayi yake tsaye a wani fili da ke bayan garejin gyaran motoci, inda ake jera tsofaffin motoci an wanke an goge, kowace tana jiran wanda tsautsayi zai kawo. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin mai sayarwa da mai saye, ya saurari ƙaryar wannan, ya rage mata nauyi, sannan ya miƙa wa wancan.

Kayan aikinsa duka ɗan guntun maganaɗisu ne da yake yawo da shi a aljihun gaba. Idan aka kawo mota tana sheƙi, ba ya kallon sheƙin. Sai ya bi jikinta da maganaɗisun a hankali. Inda yake ƙarfe ne na gaskiya, sai ya manne. Inda aka taɓa bugewa, aka cike ramin aka shafe da sabon fenti, sai ya sulale ya faɗo masa a tafin hannu. Dillali sai ya ɗaga kai ya dubi mai motar, mai motar kuma ya soma duban sama kamar yana neman hadari.

Da shekaru suka tura, kunnensa ya koyi aikin maganaɗisun. Ya lura mai sayarwa ba ya ɓata bakinsa a kan wurin da yake lafiya. Idan ya ce, "Injin nan kamar agogo," to a buɗe a duba injin. Idan ya ce, "Birki kuwa sai ka gwada," to kada a gwada a gangara. Ya kuma lura da ɗaya gefen. Mutumin da ya zagaya mota yana yabonta, kallo ya zo yi, zai tafi abinsa. Wanda ya ƙwallafa rai a kanta shi ne zai harbi tayar da ƙafa, ya yamutsa fuska, ya ce kujerar ta yage, ƙofar ba ta rufuwa, salansa na hayaƙi. Wannan ba ya barin filin sai da mukulli a hannunsa. A kan wannan ilimi Dillali ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, kuma bai taɓa tunanin akwai wurin da ilimin ba ya aiki ba.

Ya bar filin ne lokacin da masu saye suka fara zuwa da wata 'yar na'ura suna jona wa mota, tana faɗa musu ciwonta ba tare da an dubi idon kowa ba. Ya ce shi ba zai yi kishi da waya ba. Ya dawo gida ya zauna.

A nan ne ya gano cewa shi baƙo ne a gidansa. Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki yana ɗakin gaba, fuskarta ga taga, bayanta ga falo. Ranarta a tsare take tun kafin ya yi ritaya, kuma ba ta bar masa gurbi a ciki ba, don ba ta san zai zo ba. Sai ya wuni a kujera yana kallon bayanta, yana jin keken na tafiya yana tsayawa. Ba faɗa suke ba. Sun dai saba ne da gaisuwar safe, da "ga abinci," da "a rufe ƙofa."

'Yarsu ta tsakiya tana aure a wata ƙasa mai nisa, 'ya'yanta kuma ba sa jin komai sai Turanci. Idan an kira a waya mai hoto, sai yaran su yi ta zuba, kakar tana murmushi tana gyaɗa kai, har wuyanta ya gaji. Wata rana ta ajiye wayar ta ce, "Ni kam ba zan mutu ina yi wa jikokina murmushi kawai ba." Ta je ta sa sunanta a ajin Turanci na manya da ake yi da yamma a makarantar firamaren unguwa, bayan yara sun tashi.

Dillali ya yi dariya har da tari. Ya ce tsohuwa da jakar makaranta, abin kallo ya samu. Da ranar ta zo kuma sai ga shi ya sa hula. Ya ce raka ta zai yi, saboda titin nan masu babur ba su da hankali. Ya raka ta, ya tsaya a bakin taga. Malamar ajin, wata yarinya sa'ar autarsu, ta leƙo ta ce, "Baba, rana tana dukanka, shigo ka zauna." Ya shiga don gudun rana. Ta miƙa masa takarda da fensir don kada ya zauna haka. Shi ke nan.

Bencin ajin na yara ne, mutum biyu a kowane, gwiwa tana tokare da tebur. Ba yadda za a yi manya biyu su zauna a kai kafaɗa ba ta taɓa kafaɗa ba. Ƙamus ɗaya suke da shi, a tsakiya suke ajiye shi, kawunansu a haɗe a kansa. A bencin nan Dillali ya ga abubuwan da bai gani ba duk tsawon zamansu. Ya ga tana motsa leɓe idan tana karatu. Ya ga tana lasar kan fensir kafin ta rubuta kalma mai wuya. Idan aka tashi, su taka a hankali zuwa gida, tana tambayarsa kalmomin ranar, yana yin kamar ya manta don ta sake faɗa. Bai gaya wa kowa ba, amma tun da rana ta karkata yake fara duban agogo. Idan an tambaye shi, cewa yake har yanzu rakiya yake yi.

A bayansu wani tsohon direban babbar mota ne ke zama, wanda suka san juna da Dillali tun a filin motoci, kuma duk haɗuwarsu sai ɗaya ya tsokani ɗaya. Direba yana shafa man zafi a wuya da gwiwa, har an san ya iso tun kafin a gan shi.

Da karatu ya yi nisa, Malama ta raba musu wani ɗan insha'i na Turanci, shafi biyu, wanda wani mutum ya rubuta a kan gidan kakarsa. Ta ce wannan karon ba fassara take so ba. Ta ce kowace kalma tana da 'yan'uwa masu kama da ita, marubuci kuma ɗaya ya ɗauka ya bar sauran. Su tsaya a kan kalma, su duba 'yan'uwanta a ƙamus, su tambayi kansu me ya sa ya ɗauki wannan.

Sauran 'yan aji suka yi tsaki a ciki. Dillali kuwa ya gyara zama. Abin da aka faɗa ya yi masa kama da wani abu da ya sani.

Ya kwashe kwanaki a teburin falo da ƙamus, tabarau a kan hanci, yana bin layi da fensir kamar yadda yake bin jikin mota. Matarsa ta nemi ƙamus ɗin, ya ce ta jira, yana tsakiyar bincike. Ranar da aka koma kan insha'in, kafin Malama ta gama tambaya hannunsa yana sama.

"Malama, wannan mutumin sayar da gidan nan zai yi."

"Wane gida, Baba?"

"Na kakar tasa. Tallansa yake mana."

Ya miƙe, bencin ya yi ƙara. Ya ce a duba layi na uku. Turawa suna da kalmar ƙarami, suna da kalmar matsattse, amma mutumin ya tsallake su ya ɗauko wata wadda ƙamus ya ce ana faɗa wa wuri ƙarami mai ɗumi da daɗin zama. "Wato idan mutum biyu suka shiga, ɗaya sai ya fita." Ya ce a duba inda ya ce hasken ɗakin mai taushi ne. Haske ba katifa ba ne. Gidan ba taga, ita ce maganar. Ya ce a duba inda ya ce katakon daɓen yana waƙa idan an taka. "Ni na san katakon da ke waƙa, Malama. Gara ce ta cinye shi." Kakar kuma an ce mata mai tattali. Ya duba 'yan'uwan kalmar, ya tarar da marowaciya tana zaune a ƙofa ta gaba.

Ajin ya ɗauki dariya. Malama ta dafe baki, ta ce, "Baba, ai a ƙarshe ya faɗa, an rushe gidan tun yana yaro. Ba shi da abin sayarwa."

"To kin gani. Da ma ba shi da ƙwari."

Direba ya ce daga baya, "Malama, ki ƙyale shi. Wannan ko aljanna aka nuna masa sai ya ce a buɗe masa ƙasanta ya gani."

Dillali bai juya ba. Ya ce bai gama ba. Akwai wuri ɗaya a shafi na biyu da ya bi ya sake bi, bai sami fenti ba. Inda mutumin ya zo kan kakar kanta. Ya ce hannuwanta masu kaushi ne, kuma kalmar da ya ɗauka ita ce ake faɗa wa ɓawon itace. Muryarta, ya ɗauko kalmar da ake faɗa wa ƙyauren da ya yi tsatsa. Ya ce tana ja masa kunne har ya yi zafi. "Nan ne kawai ƙarfe yake," in ji Dillali. "Duk sauran talla ne. Amma tsohuwar nan, yana sonta. Da ba ya sonta da ya shafe ta da fenti kamar gidan."

Malama ta dube shi. Sannan ta ce, "Rabin maganarka gaskiya ce, Baba, kuma rabin mai kyau ne." Ta juya ga allo ta shiga bayanin ɗaya rabin, yadda mutum kan zaɓi kalma mai laushi ba don ya ɓoye aibi ba, sai don haka abin yake a ransa. Bayani ne mai amfani. Sai dai Dillali bai ji shi ba, domin a lokacin yana satar kallon matarsa ya ga ko ta ji an ce gaskiya ce.

A ƙarshen darasin Malama ta ba da aikin gida. Kowa ya rubuta ɗan insha'i a kan wani mutum da ya sani sosai, ya zaɓi kalmominsa da kula, za a karanta a gaban aji.

Babu wanda ya tambayi wani wa zai rubuta a kai. A gida ita ta ɗauki takardarta ta koma kan keke, shi ya zauna a tebur ya kare tasa da hannu kamar ɗan jarrabawa. Ƙamus ya rinƙa zirga-zirga tsakanin ɗakin gaba da falo. Dillali bai taɓa wahala a kan wani aiki kamar wannan ba. A kan muryarta kaɗai ya wuni. Ƙamus ya ba shi kalmar da ake faɗa wa ƙararrawa, ya ga ta yi kyau da yawa. Ya ba shi ta agwagwa, ya ga ba ta kai ba. Can ya sami wadda ake faɗa wa odar babbar mota, ya jingina da kujera yana jin daɗi. Ya ce a ransa, yau za ta san inda take a wurinsa.

Ranar karatu, matarsa aka fara kira. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta riƙe takardar da hannu biyu. Turancinta a hankali yake, amma kowace kalma tana fita da ƙafarta. Ta ce mijinta mutum ne mai haƙuri. Ta ce mai natsuwa ne, ba ya yawan magana. Ta ce mai kula ne, ba ya yin abu da gaggawa, kuma hannunsa a buɗe yake. Aka tafa mata. Ta zauna, ba ta dube shi ba.

Dillali kuwa, tana karantawa yana bin kalmomin, kuma ko ɗaya bai ji ta manne ba. Mai haƙuri, wato mai nawa. Ba ya yawan magana, wato zama da shi kamar zama da kujera. Hannu a buɗe, wato bai iya riƙe komai ba. Yabo daga sama har ƙasa, ko ɗan tabo ba ta bar masa ba. Ya ce a ransa, ashe haka. To bari ta ji yadda ake yi wa wanda ake so.

Da aka kira shi ya miƙe da ƙarfinsa. Abin da ya karanta, idan aka mayar da shi Hausa, ga shi:

"Matata tsohuwar ƙira ce. Tana da wuyar tashi da safe, sai an ba ta shayi an jira. Gwiwoyinta suna ƙara a kan matakala, ana jinta tun daga ƙasa. Muryarta odar babbar mota ce. Idan ta fara magana a waya birkinta ba ya kamawa. Tana zubar da allurai a kan kujeru, na zauna a kan da yawa. Tana neman tabaraunta alhali yana kanta, kuma ni take tuhuma. Shayinta sukari ne da ɗan ruwa. Ba a samun irinta yanzu, an daina yi."

Tun daga layi na biyu aka fara ƙunshe dariya. Da ya kai kan odar mota, Direba ya kifa kai a tebur yana dukansa da hannu, ya ce, "Wallahi na san odar, na tuƙa irinta!" Wata tsohuwar ungozoma da ke gefen taga ta ce, "Innalillahi, a gaban mutane?" Dillali ya zauna yana haki kaɗan, ya juya ya dubi matarsa don ya karɓi ladansa.

Tana ninke takardarta. Ta ninka, ta sake ninkawa, har ta zama kamar kan ɗan yatsa, ta jefa a jaka.

A hanyar gida ita ce a gaba. Gwiwoyin da aka ce suna ƙara ba su yi ko ƙyas ba, shi ne ma ya rinƙa haɗawa da sassarfa. A gida ba ta ɗaga murya ba. Abinci ya zo a kan lokaci. Da safe kafin ya buɗe ido ta tashi ta share gida. Shayi ya zo ba sukari ko ƙwaya. Ya shafa kujera kafin ya zauna, babu allura ko ɗaya. Bai taɓa zama a gidan da komai ya gyaru haka ba, kuma bai taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Ya je ya tsaya a bayanta. Ya ce, "Ke fa kin san yadda abin yake. Mutum idan ya ga motar da..."

Ta taka keke. Ya jira ta tsaya, ya sake buɗe baki, ta sake takawa. A ranar ta ɗinke abin da ya fi ƙarfin mako.

A darasi na gaba ta wuce bencinsu kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta zauna kusa da ungozoma. Ta tafi da ƙamus ɗin. Gurbin bai daɗe a buɗe ba, Direba ya tattaro littattafansa da warin man zafinsa ya sauka a ciki, ya ce, "Matsa, ango." Da aka tashi, Dillali yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, ya ji matarsa tana gaya wa Malama cewa daga farkon wata za ta koma ajin safe. Malama ta ce wuri ɗaya ne ya rage a can. Matar ta ce, "Ɗaya nake nema."

Ya tsaya da igiyar a hannu. Ajin safe ba shi da rakiya, don titin a lokacin cike yake da masu tsallakar da yara. Ya hango kansa a kujerar falo yana kallon ƙofa, da yamma kuma shi da Direba kafaɗa da kafaɗa har ƙarshen shekara.

Direban ne dai ya ba shi shawara, a bakin ƙofar makaranta. Ya ce, "Kai matsalarka, ka ɗauka kowa mota ne. Mace yabo take so. Ka zuba mata, kada ka ji tausayin ƙamus."

"Yabo na wanda za a rabu da shi ne."

"To ai ga shi ba ka yaba ba, ana rabuwa da kai."

Dillali ya juya ya koma cikin makaranta. Ya je wurin Malama ya ce yana so a ba shi dama ya sake aikin, na farkon akwai kurakurai. Ta ce, "Turancin ba kuskure, Baba." Ya ce ya sani. Ta dube shi, ta ba shi ranar ƙarshe kafin wata ya mutu, ta kuma ara masa ƙamus ɗinta.

Wannan aikin ya fi na farko wuya. Duk kalmar da ya ɗauko sai ya ji hannunsa yana ƙaiƙayi, kamar an ba shi buroshi an ce ya shafe tsatsa. Ya rubuta ya goge har takardar ta huje. Direba ya kawo masa wasu kalmomi da ya ce ya ji a rediyo. A ƙarshe ya rufe ido ya zuba duka, kamar mai shan magani.

Ranar ta zo. Ya miƙe. Ya ce matarsa kamar hasken safiya take. Muryarta ta tsuntsu ce. Tafiyarta ba a ji. Ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba, ba ta mantuwa, ba ta gajiya. Komai nata sabo ne kamar ranar farko. Ba ta da aibi ko ɗaya, duk wanda ya gan ta zai yaba. Ungozoma tana gyaɗa kai, Direba yana ɗaga masa babban yatsa.

Sai aka ga hannu a sama, can gefen taga, a miƙe kamar na 'yar aji ɗaya.

"Na'am, Mama?" in ji Malama.

"Tambaya gare ni. A tambayar mini shi, wa ya taya?"

"Wa ya taya me, Mama?"

"Ni mana. Tun ina yarinya nake gidan mutumin nan, ban taɓa jin ya yi wa abu irin wannan kirari ba sai in mai saye yana tsaye. Komai sabo, ba aibi ko ɗaya. To a nuna mini mai sayen, in ga ko yana da haƙora."

Wannan karon har Malama sai da ta zauna don dariya. Direba ya ce shi dai ba ruwansa, kalma uku kawai ya bayar. Dillali yana tsaye da takarda, bai san ko ya ci ba ne ko ya faɗi.

Matar ta tattara jakarta da ƙamus, ta ratso tsakanin bencina, ta tsaya a kan Direba. "Malam, tashi. Ka cika mana wuri da wari." Ya kwashe kayansa yana cewa duniya ba godiya. Ta zauna. Ta ja hannun rigar mijinta, shi ma ya zauna. Malama ta share hawaye, ta juya ga allo ta fara rubuta darasin ranar.

"Ina insha'in farkon?" matar ta ce ƙasa-ƙasa, idonta a kan allo.

Yana aljihunsa. Ya miƙa mata ta ƙarƙashin tebur. Ta shimfiɗa shi, ta lashi kan fensir.

"Ka ɗauka ban gane ba? Tun a layin farko na gane. Amma abin da ake faɗa a bayan gareji ba a karanta shi a gaban Direba. Wannan na gwiwa, a cire."

"Gwiwa ba ta ciruwa. Ita ta riƙe tsakiyar."

"A cire."

"To a bar murya."

"Murya a rage mata. Ba ta babbar mota ba."

"Ta ƙaramar mota ba ta kai ba, ke ma kin sani."

"To matsakaiciya."

"Na sallama. Allurai fa?"

"Allurai a bar su. Da gangan nake zubarwa."

Ya dube ta. Ba ta dube shi ba, tana jan layi a kan gwiwoyin.

"Ajin safe fa?" ya ce.

"Ina da wuyar tashi da safe. An rubuta."

Malama ta juyo ta ce a yi shiru a benci na biyu. Suka sunkuyar da kai kamar yara. Dillali ya kwafi layi ɗaya daga allo, ya kwafi rabin na biyu, abin ya ƙi barinsa. Ya matso da bakinsa kusa da mayafinta.

"Naki fa? Inda kika ce mai haƙuri. Da gaske kike, ko kuwa?"

Ta gama rubuta kalmar da take rubutawa, ta sa mata ɗigo.

"Ƙamus ɗin ne ya buɗe a wurin," ta ce. "Rubuta, ana goge allo."